Shirun Turmin Safara'u

A Mabai ta wancan zamani ba a tambayar maƙwabci ko ya ci abinci. Wa zai yi wannan rashin ta-ido? Kunne ake kasawa. In da hantsi aka ji taɓarya na sauka a turmin gida, da la'asar kuma aka hango hayaƙi na tashi ta saman danga, an san gidan lafiya. In kuwa turmi ya yi shiru, murhu ya huce, aka kwana aka tashi a haka, babu mai cewa uffan. Sai dai matar gidan ta tarar da ƙwarya rufe da faifai a gindin dangarta, ta ɗauka ta juye, ta mayar da ƙwaryar inda ta same ta. Gobe in sun haɗu da mai ƙwaryar a gidan suna su gaisa, su tambayi yara, kowacce ta kama gabanta.

Shekarar da abin ya faru ita ce wadda ta biyo bayan babban fari. A birane an ce kuɗin fetur ya ɓalle, masu albashi sai sayen rediyo da babur suke yi, ga sabon kuɗi naira da kwabo da tsofaffi suka rantse ba za su koyi sunansa ba. A Mabai kuwa bazara ta tarar da rumbunan da in ka ƙwanƙwasa sai su amsa maka. Gidajen da ke ɗora tukunya sau biyu sun koma sau ɗaya, masu sau ɗaya kuma Allah kaɗai ya san yadda suke yi.

Gidan Safara'u na cikin 'yan kaɗan da Allah ya rufa wa asiri. Mijinta Gide ya samu aikin lebura wurin masu yin hanya can wajen Faskari, sai jifa-jifa yake leƙo gida. Ita kuma tana nan da yaranta biyu, Bilki da ba ta daɗe da iya magana ba, da Harisu na goye.

Danga ɗaya ce ta raba ta da Iya Baraka, tsohuwar da mijinta ya rasu, 'yarta guda kuma tana aure can Sabuwa. Idon Iya ya fara hazo, amma kunnenta, wane mutum! Daga saukar taɓarya takan faɗa maka gero ake surfawa ko dawa. Tun da aka kawo Safara'u amarya daga Ketare, marainiya ba uwa, Iya ta ɗauke ta 'ya. Ita ta koya mata yadda ake kaɗa miyar kuka ba gudaji, ita ta yi mata wankan jego duka biyun, ita ke yi mata faɗa in ta yi abin faɗa. Duk duniya babu wanda Safara'u ke tsoron ɓata wa rai kamar tsohuwar nan.

Ran nan da azahar, rana na dukan tsakiyar ka, kowa ya lafe a inuwa, sai ga Gide ya turo keke da kaya niƙi-niƙi cikin tsohon tamfol. Ko tsayawa tsakar gida bai yi ba. Ɗaki ya shige da kayan, ya saki asabari, ya ce wa Safara'u ta jawo benci.

Da aka kwance, buhu ne da kwali biyu. Buhun dawa ce fara tas, injin Funtua ya riga ya surfe ta. Daga kwalin farko Gide ya zaro wani ƙarfe mai nauyi launin azurfa, da baki irin na mazurari a sama, da hannu mai mariƙin katako a gefe. Ya kafa ƙafarsa a bakin benci, ya murɗa wani noti har ya kama gam.

Safara'u ta ja da baya, ta gyara goyonta. "Malam, wanga kuma minene? Kada dai wani abin hwashewa ka kawo mamu cikin ɗaki."

Gide ya yi dariya. "Injin niƙa ne, na hannu. Ɗebo dawa tahi guda ki zuba nan sama, ki tara ƙwarya ƙasa."

Ta zuba. Ya kama hannunta ya ɗora a mariƙin, ya ce ta juya. Ta yi bismillah ta juya. Abin ya yi ƙurr a hankali, dawar ta fara nutsewa, sai ga gari na zubowa ta tsakanin wasu faifan ƙarfe biyu masu haƙora. Ta saki hannun da sauri ta leƙa ƙarƙashin benci, wai ko akwai inda aka ɓoye garin. Babu komai sai takalmin Gide.

Kada ku yi mata dariya. Mace ce da ta buɗe ido ta ga kakarta durƙushe gaban dutsen niƙa, ta ga uwarta a nan, ita ma tun ba ta kai ɗaukar tulu ba aka durƙusar da ita. Gwiwoyinta da tafin hannunta duk kanta ce. A saninta gari abu ne da ake ƙwatowa daga hatsi da ƙarfin ƙugu da zufa, ana waƙa don kada a yi kuka. Yau ga shi tana zaune a kan kujera, da hannu ɗaya, ɗan goyonta ko motsi bai yi ba, kafin a karanta Fatiha tafin dawa ya zama gari. Ta ɗebo ta murza tsakanin yatsu, ta sa a harshe. Babu tsakuwa ko ɗaya.

"Ikon Allah," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Mutum ne ya ƙera wanga? Mutum mai kai ɗaya irin namu?"

"Ba ki ga komi ba tukuna," in ji Gide, ya jawo kwali na biyu.

Risho ne, kore, ƙanƙane, da lagwani jere a zagaye. Ya tsiyaya masa kananzir, ya ƙyasta ashana, ya mayar da murfinsa mai huji-huji. Wutar ta tashi ja, ta yi ɗan rawa, can sai ta nutsu ta koma shuɗiya. Safara'u ba ta taɓa ganin wuta shuɗiya ba. Babu itace, babu hura wa, babu hayaƙin da zai sa ido hawaye. Gide ya murɗa wani ɗan makulli wutar ta yi ƙasa, ya murɗa baya ta taso. Wannan shi ya fi komai kashe mata jiki, wai wuta ce ake ce mata yi ƙasa ta yi ƙasa. Aka ɗora ruwa, nan da nan ya tafasa. Ta sauke tukunyar ta juya gindinta, fes yake kamar yanzu aka wanke.

Da suka ci tuwon, Gide ya side hannu ya ce, "To ki ji ni da kyau. Shekarar ga ba ta nuna kaya ba ce. Akwai gidajen da rabonsu da tuwo sai Allah. Kada mu sa ma mutane abu a ido. Ki riƙa yin komi naki nan cikin ɗaki, in damina ta kama an samu sauƙi sai ki hiddo su."

Safara'u ta ga gaskiyarsa, har ta fi shi gani. Iya ce ta faɗo mata a rai, da hannuwanta da dutse ya cinye wa zane, da ƙugunta da ba ya miƙewa. Ta ji kunya ta kama ta. Ta ce a ranta, yaya za ta dubi tsohuwar nan ta nuna mata cewa wahalar da ta sha duk rayuwarta ga shi wani ɗan ƙarfe na yin ta da wasa? Gara ta ɓoye, kada Iya ta gani ta ji wani abu. Washegari Gide ya hau kekensa ya koma bakin aiki.

Sai Safara'u ta shiga wata irin rayuwa da ba ta san akwai ta ba. Kafin rana ta ɗaga ta gama niƙa, ta tankaɗe, ta dama kunu, ta zauna tana kallon hannuwanta ta rasa abin da za ta yi da su. Wani lokaci ba don buƙata ba takan zuba 'yar dawa ta juya, don kawai ta sake ganin yadda abin ke faruwa. Ta gano in ta ƙara murɗa notin gefe garin ya fi laushi, in ta sassauta ya fito tsaki-tsaki. Ta niƙa barkono, ta niƙa busasshiyar kuɓewa, har kanwa ta so gwadawa Allah ya tsare. In ta gama sai ta kwance shi gunduwa-gunduwa ta goge, ta shafa masa man gyaɗa, ta lulluɓe shi da zanen da ko ita sai ranar salla take ɗaurawa. Turmi kuwa yana kife a gindin bishiya kaji na hawa, murhu ya zama wurin kwanan kyanwa.

Wata safiya tana shanya, sai ta ji Iya ta kafar danga, tana miƙo tsingaro.

"Ɗiyata, ɗan sam mani wuta, tawa ta mutu."

Safara'u ta saki shanyar. Ina za ta samo garwashi? Ta dubi murhun, ko toka mai ɗumi babu.

"Wallahi Iya, ni ma tawa ta mutu."

Iya ta juya tsingaron a hannu. "To, Allah shi kyauta," ta ce, ta janye hannunta.

Washegari Safara'u ta tarar da ƙwarya rufe da faifai a gindin danga. Ta buɗe, fura ce dunƙule-dunƙule, an barbaɗe ta da gari. Ƙarya ne a ce ba ta gane ba. Cikin wannan al'ada ta girma, ita ma ta taɓa ajiye wa wasu irin wannan ƙwaryar. Ta san Iya ta kasa kunne ba ta ji daka ba, ta duba ba ta ga hayaƙi ba, ta nemi wuta ba ta samu ba, ta yanke cewa gidan 'yarta babu. Amma mayar da ƙwarya da abinta cin fuska ne, faɗin gaskiya kuma sai an buɗe ɗaki. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu ta rasa tudun dafawa, Bilki kuwa tuni ta miƙo hannu tana kukan a ba ta.

Sai ta yi dabara, irin dabarar da ta fi rashinta muni. Ta tayar da turmi, ta zuba dawa tafi ɗaya, ta hau kirɓa da ƙarfi don Iya ta ji cewa ana daka. Ta manta da kunnen da take yi wa wasan. Cikakken turmi amonsa a dushe yake fita, wanda ba komai a ciki kuwa ƙwal-ƙwal yake yi, har ƙofar gari ana jin yunwarsa. Iya na zaune a gidanta ta ji, ta girgiza kai, ta ce a ranta yarinyar nan har ta kai ga dakan turmi wayam don rufa wa mijinta asiri. Washegari ƙwaryar da ta zo ta fi ta jiya girma.

Safara'u ta gwada mayar da ƙwaryar da ɗan gishiri a ciki. Gishirin ya dawo tare da furar gobe, a ƙulle yadda ta ƙulle shi. Daga nan ta saduda, ta shiga lallashin zuciyarta. Ai kullum tana jin Iya na daka, kullum tana ganin hayaƙinta, ke nan tana da hatsi. Ƙila 'yarta ta Sabuwa ce ta yo aike. Bari dai Malam ya dawo, su san yadda za su saka mata ba tare da ta gane ba. Malam kuwa bai dawo ba, masu hanya na ta sauri su kai wani wuri kafin ruwa ya sauka. Haka aka yi ta tafiya, ƙwarya na zuwa cike tana komawa wayam, Safara'u na gaida Iya ta danga ba ta iya haɗa ido da ita.

Ana nan gabas ta fara haɗa hadari da yamma, iska ta canza, maza suka fiddo sungumi suna gyara ƙota. Ran nan Safara'u ta dama wa Bilki furar, ta kai ludayi baki don ta ji ko ta yi daidai. Sai ta tsaya cak. Furar na da wani ɗanɗano can ƙasan harshe, ɗanɗanon hayaƙi, ba na ƙauri ba, na abin da ya daɗe yana shan hayaƙi. Ta sake kurɓa. Ludayin ya suɓuce mata.

Hatsi ɗaya ne a ƙauye ke shan hayaƙi haka, shi ne iri. Bayan girbi akan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a ɗaure, a rataye saman murhu don hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari har shuka ta zo. Ko yunwa za ta kashe mutum ba ya taɓa ta, don wanda ya ci irinsa ya ci shekararsa mai zuwa. Irin Iya kuma ba kowane iri ba ne. Wani ɗan gajeren gero ne mai saurin nuna da marigayi mijinta Malam Barau ya samo a Pauwa tun suna da ƙuruciya, shi take shukawa a 'yar gayaunarta, wato ƙaramar gonarta, kowace shekara, ko a farin bara sai da ya ba ta abin da ya samu.

Safara'u ba ta san lokacin da ta kutsa ta kafar danga ba, kara na yagar mata zane. Ta nufi madafin Iya ta ɗaga kai. Igiyar na nan tana lilo, baƙa wuluk da kunkunniya, babu komai a jikinta. Ta juyo. Iya na zaune bakin turmi da 'yan zangarniyoyin da ba su fi a riƙe a hannu ɗaya ba, tana shirin jefa su ciki.

Safara'u ta riƙe mata wuyan hannu. "Iya, don girman Allah ki bari."

"Ke, sakar mani hannu. Mi ya shigo da ke haka ba sallama?"

"Irinki ne, Iya. Irinki kike daka mamu."

"Wa ya ce maku nike dakawa? Ni ban san zancen da kike yi ba." Iya ta kau da kai, don ko a nan ba ta yarda a ambaci abin da ba a ambata ba.

Safara'u ta durƙusa, hawaye na zuba. "Taso mu je ki ga wani abu. In kin gani, duk abin da kika yi mani na cancanta."

Ta riƙo ta suka zagaya ta ƙofa, Iya na tafe tana dafa danga, zangarniyoyinta a ɗaya hannun. Suka shiga ɗaki. Safara'u ta ɗage asabari haske ya shigo, ta yaye zanen salla, ta zuba dawa, ta juya.

Iya ta karkata kai tana sauraron ƙarar, wadda duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin irinta ba. Ta matso ta miƙa hannu, tunda idon ba ya isar da saƙo, ta shafa bakin, ta shafa mariƙin, ta bi ƙarfen har ƙasa, sai gari mai ɗumi ya zubo mata a tafi. Ta zabura. Ta murza, ta shinshina, ta lasa.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Ina dutsen?"

"Babu dutse, Iya."

"To wa ke niƙawa ciki?"

"Ba kowa. Haƙora ne na ƙarhe."

"Matsa in ji."

Ta ajiye zangarniyoyin a cinya, ta kama mariƙin da hannu biyu, ta tattaro ƙarfi irin na mai shirin tura ɗan dutse, sai abin ya tafi da ita salin-alin. Ta juya, ta sake juyawa, ta saki hannu ɗaya ta ci gaba da ɗaya. Sai dariya ta ƙwace mata, dariya sosai har dasashinta ya bayyana.

"Kai, duniya! Ashe da rabon in ga wanga kahin in mutu. Wayyo Inna, da kin ga abin da aka yi bayanki! Ƙugun uwata hwa a lanƙwashe aka sa ta kabari, ɗiyata, sai da aka danna. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ba ɗan Adam wanga tunani."

Safara'u ta kunna risho. Iya ta durƙusa ta kai fuska kusa, don shuɗin ya ratsa hazon idonta. Ta tara hannu ta ji zafi, ta laluba ƙasa tana neman itace, ta shaƙi iska tana neman hayaƙi. Da aka murɗa makulli wutar ta yi ƙasa, sai ta dafe ƙirji ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a ƙara sakewa. Ta daɗe a durƙushe tana tasbihi a hankali, ta ce ita dai ta ji malamai na cewa a Aljanna ba a hura wuta, ba ta taɓa gane yadda za a yi girkin ba sai yau.

Can dariyar ta lafa. Ta koma ta zauna a kan benci, ta juyo da fuskarta wajen Safara'u.

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun zuwan Malam na ƙarshe."

Iya ta lissafa a ranta abin da ba sai an faɗa ba.

"Ashe kuna ci."

"Muna ci, Iya."

"Sahe da dare?"

"Sahe da dare."

"Alhamdu lillahi," in ji Iya, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Da kin hwaɗa mani, da na samu na riƙa barci."

Da zagi ta yi da ya fi wa Safara'u sauƙi. Ta rarrafa ta jawo buhun, ta kwance bakinsa. "Ki ɗauka duka, Iya. Ki ɗauka ki shuka, in Malam ya zo shi ƙaro wani."

Iya ta tura hannu cikin buhun, ta ɗebo, ta murza ƙwayoyin a tafinta, ta mayar. "Surhwahhiya ce. An hidda mata ido, ko a bakin rahi kika binne ta ba ta tsira." Ta kakkaɓe hannu. "Bar zancen iri, wanda ya ci shi ba baƙo ba ne. Abu guda nike so ki gaya mani. Mi ya sa kika ɓoye?"

"Tsoro na ji kada ki gani ranki shi ɓaci. Ke kina wahala da dutse, ni ina zaune."

"Ni?" Iya ta nuna ƙirjinta. "Ni da na wanke ki jego biyu, ni ce zan ga kin huta in ji zahi? Haka kika ɗauke ni duk shekarun ga?"

Safara'u ta saki bakin buhun. Ta kife kai a gwiwa tana kuka, don ta san gaskiya ne, ta auna tsohuwar da mudun da ba nata ba.

Iya ta tattara zangarniyoyinta, ta dafa benci ta miƙe. Safara'u ta bi ta da ido, zuciyarta na gaya mata shi ke nan, daga yau sai gaisuwa ta saman danga irin ta kowa da kowa. Tsohuwar ta taka zuwa bakin ƙofa, ta kai hannu za ta dafa bango, hannun bai kai ba. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa.

Safara'u ta yi tsalle ta tare ta. A nan ne, da ta rungumo ta, ta ji abin da zane ya daɗe yana ɓoyewa. Babu komai a jikin sai ƙashi, nauyinta bai fi na Bilki da wani abin kirki ba.

"Iya! Iya, ke mi kike ci?"

Iya ta lumshe ido, ta buɗe, ta dubi wajen shuɗin wutar da har yanzu ke ci a kan risho.

"Ruwan da na dahwa maku hura," ta ce. "Yana da ɗan kauri in an bari ya huce." Ta gyara riƙon zangarniyoyin a ƙirjinta. "Ke, daina jiƙa mani zane. Tashi ki ɗora tukunya bisa wutar taki, in gani ko tuwonta na kama ciki."

Safara'u ta jingine ta da bango, ta ɗora ruwa, ta cika bakin injin da dawa. Ta hau juyawa da gaggawa har mariƙin na ƙwace mata, sai da ta kama shi da hannu biyu.

"A hankali, ɗiyata," in ji Iya daga inda take zaune. "Kada ki karya mamu shi."